Ƙulli Goma Sha Uku na Atyabai

Atyabai, uwar mijina, Kausalya Adagale ta ƙauyen Ukalwadi, kin rasu ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris na bana, da rana tsaka, kina zaune a ƙofar ɗaki da igiyar rama maƙale a babban yatsan ƙafarki. Ni na kawo miki shayi na ajiye, na ce zai huce. Ba ki tanka ba. Na ɗauka fushi kike yi, don da safe na ƙona gurasar dawa saboda hankalina na kan littafi. Sai da na ga ƙuda ya sauka a leɓenki, ba ki kore shi ba, sannan na san abin da ya faru. Hannuwanki na nan a haɗe kamar za ki ci gaba da tufka.

Ba wanda ya san shekarunki. Ke kin ce an haife ki shekarar da kogi ya ci kasuwa, malamin asibiti kuma ya rubuta sittin da uku.

Shekara huɗu ke nan da aka kawo ni gidanki da akwati ɗaya, rabinsa littattafan soyayya. Kika ɗaga murfin, kika dubi matan unguwa, kika ce, "Mun nemi amarya, an aiko mana da makaranta." Daga ranar kika raɗa mini Gimbiya. Sunana na gaskiya, Rohini, ban ji shi a bakinki ba sai in na yi laifi. Amma da la'asar, in kin baza rama kin fara tufka, ke ce mai cewa, "To Gimbiya, karanto mana ƙaryar yau." Ina karantawa kina gyara wa marubucin zance. Da na kai inda ɗan attajiri ke kuka cikin ruwan sama don budurwa ta guje shi, kika ce, "Ana ruwa yana kuka? Wannan ba shi da gona ne?" Kin kuma gane mugun halina na leƙa shafin ƙarshe tun ban kai tsakiya ba. Kika ce ni mai buɗe tukunya ce kafin ta nuna. Duk da haka, ran da wata maƙwabciya ta ce karatu zai lalata miki suruka, kin ba ta amsa ba ki ko ɗago ba: "Mu da ba mu iya ba, me muka gyara?"

Shekarar da cikina na fari ya zube, kwana ashirin ba ki bar ni na taɓa tulu ba. Kika riƙa ɗebo ruwa da kanki daga famfon unguwarmu ta bayan gari, kina masifa duk hanya don kada a ce kin ji tausayina.

Sai aka zo bikin shanu na shekarar da ta biyo baya. Kamar kowace shekara, ke kika tufka doguwar igiyar da ake rataya wa ganye a ƙofar gari, domin wannan aikin namu ne, mu Matang, zuriyar da gari ke ƙasƙantarwa, tun kakanni. Mu ke yin igiyar, amma shanun gidan mai gari ke fara wucewa ƙarƙashinta, sai na sauran masu gona, namu kuma in muna da su, a ƙarshe. A shekarar ne autanki Kishor ya sayi sansa na farko. Ya shafa masa ja a ƙaho, ya rataya masa ƙararrawa. Da aka buga ganga san ya firgita, ya fizge, ya wuce ƙarƙashin igiyar kafin na kowa. Iyakar abin ke nan. Kafin rana ta faɗi, mutum uku daga gidan mai gari sun tare Kishor a hanyar rafi da sanduna masu ƙarfe a baki. Suna dukansa suna kiran sunan asalinmu. Ɗanki babba, maigidana, yana bayan shinge da ciyawa a ka, ya ga komai. Kishor bai kai asibiti ba.

Ba ki yi kuka a gaban mutane ba. Kin tafi ofishin 'yan sanda kin zauna a ƙasa kwana biyu, har suka rubuta ƙarar a ƙarƙashin dokar da ta hana cin zalin irinmu, aka kama mutanen ukun. Lauya Sarwade, matar da ta karɓi maganarmu ba ta nemi komai ba, ita ta bayyana miki cewa a wannan doka ba a sauraron neman belin wanda ake zargi sai an sanar da dangin mamaci, kuma dole alƙali ya ji ta bakinsu in sun zo. Kika ce, "In ba su zo ba fa?" Ta ce, "Sai lauyansu ya ce kun huce." Kika gyara bakin zanenki na sari kika ce, "To zan zo."

Kin kuwa zo. Sau goma sha ɗaya kika hau jar bas zuwa kotun gunduma, da gurasa biyu da dakakken barkono a ƙulle cikin tsumma. Mafi yawa ɗage zaman ake yi, ki dawo ƙafa a kumbure. Sau biyu aka saurari neman belin sosai, sau biyu kika tashi kika faɗi magana ɗaya: "Saheb, ranka ya daɗe, 'ya'ya maza biyu na haifa. Ɗaya na ƙasa. Ɗayan shi ne shaida, kuma har yau ba a kira shi ya faɗi abin da ya gani ba. In za ka sake su, ka gaya mini ranar da zan zo ɗaukar na biyun." Sau biyu aka hana. Sai suka ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a birni, tafiyar awa huɗu daga nan.

Duk takardar da ɗan sanda ya kawo, dangwala mata yatsa kike yi. Tawadar mai ruwan shuni ce, ga yatsanki duk tsaguwar rama, sai ta shige ta zauna. Kafin wata ta goge an kawo wata takardar. Daga nan sai ki miƙo mini, ki ce, "Karanta da muryar littafi, kada ki yi mini muryar gawa." In na faɗi ranar, sai ki yanko siririyar igiya, ki yi mata ƙulli gwargwadon kwanakin da suka rage, ki ɗaura a ƙugu. Kowace safiya ki kwance ɗaya. Kalandarki ke nan, kuma ba ta taɓa yin kuskure ba.

Da maganar ta koma babbar kotu sai gari ya canza mana. Mai injin niƙa ya ce injinsa ya lalace, alhali muna jin ƙararsa daga tsakar gida. Aka daina kiran maigidana aikin gona. Wata safiya muka tarar da tarakta a gicciye a bakin lungunmu, ba kowa a ciki, ta yini a nan. Baffan mutanen ukun ya tare Tatya Sopan, ƙanen marigayi mijinki, ya dafa masa kafaɗa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Yaran nan za su fito ko ba jima. Gara su fito su tarar da ku 'yan uwa." Tatya ya dawo yana maganar sulhu. A ranar ne maigidana ya ɗaga miki murya, karo na farko a sanina. Ya ce, "Aai, uwata, wanda ya mutu ya mutu. So kike ki haɗa ni da shi? Duk takardar da ta sake shigowa gidan nan, murhu zan sa ta." Kika ce, "Su fito ne za su haɗa ka da shi, sakarai." Ba ku sake tayar da zancen ba. Ni ma ban sake ganin takarda ba, na ɗauka shiru kotun ta yi.

Ran da muka yi miki wanka, ni da 'yarki Mangal, mun goge yatsan nan da sabulu, da toka, har da lemun tsami. Shunin bai motsa ba. Da muka kwance sarinki sai ga siririyar igiya a ƙugunki, sabuwa, da ƙulli goma sha uku. Muka dubi juna. Mangal ta yi maza ta ce, "Na maganin ciwon baya ne." Na ce haka ne. Na rataye ta a ƙusa bayan ƙofa, kusa da hoton Kishor.

Washegari da na zo shara idona ya kai kanta, na ƙirga ba da niyya ba. Goma sha biyu. Na ce jiya ne na yi kuskure cikin ruɗewa. Kashegari sha ɗaya. Inda aka kwance yana nan a lanƙwashe, kamar yadda igiya ke yi in an saki ƙulli. Ɗakin nan cike yake da masu zaman makoki dare da rana, ba yadda mutum zai taɓa ƙusar ba a gan shi ba. Na lura maigidana ba ya duban wajen. In zai fita sai ya juya fuska, kamar akwai wadda ke tsaye a bayan ƙofar.

Hankaki kuma suka fara taruwa a kan katangarmu. Ba baƙon abu ba ne a gidan mutuwa, tunda akwai ragowar abinci. Amma waɗannan ba sa kuka, ba sa sauka. Su jeru da hantsi, su fuskanci ƙofar ɗakinki, su tashi da la'asar. Na watsa musu gurasa, kaji suka cinye.

Kwana takwas ban taɓa littafi ba, don bai dace ba. Rana ta tara, da zafi ya kwantar da kowa bayan azahar, zuciya ta ci ni. Na zaro wanda muke tsakiyarsa ran da kika tafi, na shige bayan rumbun dawa. Ina so kawai in san ko yarinyar ta auri malamin makarantar. Kamar kullum, na buɗe shafin ƙarshe. Takarda ta faɗo a cinyata, an ninke ta huɗu. Sanarwar babbar kotu ce da sunanki: za a saurari ɗaukaka ƙarar neman beli ranar Litinin, ashirin da huɗu ga wata. A gefen shafin littafin, daidai ƙarƙashin kalmar ƙarshe, ga sawun babban yatsa mai ruwan shuni.

Na san yadda aka yi. Ɗan sanda ya zo ran da muka tafi kasuwa, kin dangwala, ya faɗa miki ranar da baki, kika nemi wuri ɗaya a gidan da ɗanki ba zai taɓa dubawa ba, ni kuwa ba zan iya ƙin dubawa ba. Wannan duk na gane shi. Abin da ban gane ba shi ne yadda gefen yatsana ya ɗauki launi da na shafa sawun. Na koma ɗaki na ƙirga igiyar. Saura biyar.

Rana ta goma muka sauka bakin kogi, inda ruwa ya ja baya ya bar yashi. Maigidana ya yi aski, ya dafa shinkafa da hannunsa, ya dunƙula, ya jera a kan dutse, muka ja da baya muna jira. Kin san ƙa'idar fiye da ni: sai hankaka ya taɓa shinkafar za a san mamaci ya tafi ba abin da ya rage masa. In ya ƙi, akwai magana, sai dangi su yi ta alkawari har a dace da ita.

Hankakin sun zo, sun fi talatin, suka cika bishiyar da ke kan gaɓa. Ko ɗaya bai sauko ba. Awa guda ta wuce, yashi ya fara ƙona ƙafa. Tatya Sopan ya matsa gaba ya haɗa hannu, ya ce, "Matar yaya, za mu gyara rufin ɗakinki kafin damina." Shiru. Mangal ta ce za ta kai ziyara ɗakin bautar da kika yi niyya ba ki samu ba. Shiru. Aka yi alkawarin ba za a sayar da akuyarki ba. Aka yi alkawarin sa wa jikar farko sunanki. Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Ko bashin goro ne, ku faɗa mana, rana na cin mu." Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta da sauri. Maigidana ya ce, "Aai, zan daina shan taba." Hankakin suka dube shi da gefen ido.

Kowa a bakin kogin nan ya san abin da kike jira, Atyabai. Shi ya sa aka yi miki alkawarin komai ban da shi.

Da rana ta take tsaka, Tatya ya tsuguna ya fara tsinko busasshiyar ciyawa yana lanƙwasawa. In hankaka ya ƙi, akan yi na ciyawa a taɓa shinkafar da shi, a ce an gama. Ya ce, "Kausalya dama da taurin kai aka haife ta. Ba za mu mutu a nan don ita ba." Na ga ya yi fukafukan, ya fara bakin.

Suruka ba ta magana a wurin nan, balle irina da ake cewa rabin hankalinta na cikin littafi. A littattafaina, in jaruma za ta yi abin kirki, iska kan taso, gashinta ya baje. Ni kuwa gumi ne kawai yake shiga mini ido. Na wuce gaban maza, na zaro takardar daga ƙirjina, na ce, "Atyabai, ranar Litinin ce. Na gani. Zan je."

Tatya ya ce, "Ke, wa ya kira ki? Koma cikin mata!"

Sai hankaka guda ɗaya ya sauko. Babba ne, wuyansa toka-toka. Ya taka yashi a hankali har gaban dutsen, ya tsaya taku ɗaya daga shinkafar. Bai taɓa ba. Ya juya kansa ya kafa wa maigidana ido. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka a haka ba, na dai ji numfashin Mangal a bayana. Can maigidana ya durƙusa, ya kifa goshi a kan yashi mai zafi, ya ce, "Ni zan kai ta, Aai. Kuma ran da aka kira ni, zan faɗi abin da na gani."

Hankakan ya sa baki ya fasa dunƙulen. Sauran suka zubo gaba ɗaya da kukan da suka riƙe kwana tara. Tatya ya saki na ciyawar ya faɗi a yashi.

Zaman makoki kwana goma sha uku ne, kafin nan ba mai fita gari. Ya ƙare ranar Lahadi. Litinin ita ce rana ta farko da muke da ikon hawa mota, kamar kin zauna kin lissafa. Da gari ya waye na duba ƙusar, igiyar ta miƙe sambal, ba ƙulli ko ɗaya. Na naɗe ta a wuyan hannuna. A cikin bas, bayan mun wuce gonakin rake, na ce wa maigidana, "Kai ne kake kwancewa, ko?" Ya juyo daga taga ya ce, "Na ɗauka ke ce."

A babbar kotu lauyansu ya riga mu shiri. Takardar shaidar rasuwarki na hannunsa, wadda mu kanmu ba mu karɓo ba tukuna. Ya ce mai ƙorafin ta mutu, gari ya lafa, dangi sun yi sulhu, ba wanda ya rage da ke da ja. Alƙali ya duba ta saman tabarau ya tambaya ko akwai wani daga gidan mamacin. Lauya Sarwade ta juyo tana nema a cikin jama'a, don ba ta san mun iso ba. Na tashi. Na yi niyyar in yi dogon jawabi, na tsara shi tun a mota da kalmomi masu daɗi. Da na buɗe baki duk ya gudu, sai naki ya fito. Na ce, "Saheb, uwar mijina 'ya'ya maza biyu ta haifa. Ɗaya na ƙasa, ita ma ta bi shi. Ga ɗayan nan, shi ne shaida, har yau ba a kira shi ba. In za ka sake su, ka gaya mini ranar da zan zo ɗaukarsa." Maigidana ya ce muryar ma ba tawa ba ce. Ni ban ji ba.

An kori ɗaukaka ƙarar, aka kuma umarci kotun gunduma ta gaggauta jin shaidu. Lauya Sarwade ta ce kada mu yi murna da yawa, za su sake nema, kuma daga yanzu da sunana za a riƙa aiko da sanarwa. Injin niƙa har yau a lalace yake in dawarmu ce. A turmi nake daka, hannuna ya yi kanta, da kina nan da kin sha dariya.

Shekaranjiya ɗan sanda ya kawo takarda ta farko, ta ranar da maigidana zai ba da shaida. Ya miƙo mini biro, ya ce, "An ce ke mai karatu ce." Na ce ya buɗe mini tawadar. Ya yi ta kallona har na dangwala. Na yanko rama na yi ƙulli ashirin da biyu. Ba su kai naki kyau ba, amma suna riƙewa. Littafin nan kuwa na koma tsakiya inda muka tsaya, ina karanta shafi biyu kowace la'asar a ƙofar ɗakinki, da ƙarfi, ban kuma sake leƙa ƙarshensa ba.

Ubangiji ya ji ƙanki, Atyabai. Ya sanyaya ƙafafunki da suka sha hanya, ya yafe miki kurakuranki, ya sada ki da Kishor a inda ba a tambayar san wa zai fara wucewa. Ina miƙa ta'aziyyata ga ɗanki, maigidana, Ubangiji ya ƙarfafa harshensa ranar da za a kira shi. Ina yi wa Mangal da Tatya Sopan da duk gidan Adagale, da matan unguwarmu da suka ɗauki tulu tare da ke, da Lauya Sarwade wadda ta yi kuka a matakalar kotu da ta ji yadda kika tafi. Ubangiji ya ba mu haƙurin rashinki.

Ki huta yanzu. Waɗannan ƙullin ni zan riƙa kwance su.